Kwamfutar da Ta Haɗiye Muryar Inna

Sai da na haura arba'in na fara riƙe biro, a ajin yaƙi da jahilci na Gwarzo, don haka kada wanda ya yi mini dariyar abin da zan faɗa. Kwamfutar da na koyi bugu a kanta surukina ne ya kawo mini, mijin babbar 'yata. Tsohuwa ce da aka daina aiki da ita a ofishinsu. Ya ce ba irin ta gida ba ce, saba ake ce mata, wadda ake kullewa a ɗaki ita kaɗai tana yi wa sauran kwamfutoci hidima. Ban kula ba, ni dai na ga allo da madannai.

Halinta ya fara ba ni tsoro tun makon farko. Duk sanda zan kashe ta sai ta tsare ni da tambayar dalili. Na ɗauka wani ne a Kano yake karantawa, sai in rubuta gaskiya. Zan yi la'asar. Tuwo na kan wuta.

Kafin Inna, mahaifiyata, ta rasu a Madadi, na ɗauki muryarta a waya tana koya mini daddawa. Surukina ya kwafe mini a kwamfutar, daga baya wayar ta faɗa rijiya. Ranar da na iya daurewa zan saurara, na danna, layin da ke nuna ana kunnawa yana tafiya, amma shiru. Na ƙure sifika, shiru. Sai na tuna jiya na goge wasu abubuwa da suka cika mini allo, ban ma san ko mene ne ba. Na ce shi ke nan, na binne Inna sau biyu, na biyun da hannuna.

Ba zan iya duban suruki in ce masa na yi ɓarna ba. Sai na kira malamar da ta koya mana kwamfuta, tana gidan iyayenta a Kabo wankan jego. Da na ba ta labarin tambayar nan ta kashewa, ta ce ta gane irinta. Da sauti a kashe suke zuwa, tunda babu mai sauraron komai a ɗakin da ake ajiye su. Sai an shiga jerin ayyukan cikinta an tayar da na sauti. Abin da na goge kuwa, ta ce ba za ta rantse mini ba sai mun ji.

"Hajiya, layin da na faɗa miki kaɗai za ki taɓa. In kika kashe wani, ba lallai ta sake tashi daidai ba."

"Malama, ki zo da kanki mana."

"Da ɗanyen jego? Ke da kika gagari dillalan hatsi, layi ɗaya ne zai gagare ki?"

Jerin ya buɗe, Turanci ƙanana-ƙanana, duk kamarsu ɗaya. Tana faɗo haruffa ta waya, ina bi da yatsa a kan allo kamar ranar da na fara koyon karatu. Linzamin kwamfutar da nake dannawa da shi yana zame mini saboda gumi. Sau biyu na tsaya a kan wanda ba shi ba, na janye hannu kamar na taɓa garwashi. Da na same shi na karanta mata sau uku kafin na yarda na danna.

Ta ce in kashe in kunna. Kwamfutar ta tambayi dalili kamar kullum. Na rubuta: ina neman muryar uwata.

Allon ya yi baƙi, ya daɗe fiye da yadda na saba, ko kuwa ni ce na ga haka. Ba abin da nake ji sai kukan fankar cikinta da numfashin malama a kunnena. Kwamfutar ta dawo. Na nemo wurin muryar, na danna.

Sautin dakan maƙwabtanmu na Madadi ya fara fitowa daga sifika, sai tari, sannan Inna.

"Ke, matso da wayar nan kusa. Kin riƙe ta kamar za ta cije ki."

Na zame daga kujera na zauna a ƙasa. Malama tana ta tambaya ko ya yi, sai na kara mata wayar a jikin sifika.