Mama Afiniki Ta Fi Ni Sanin Shekarun Yara

Kullum kafin a buga ƙararrawar makarantarmu, Mama Afiniki Kumai ta riga ta share disfensaren ƙauyenmu da ke hanyar Fadan Kaje, ta tafasa cokulanta na duba bakin marasa lafiya, ta zauna a benci. Shekara ashirin da biyu ke nan tana haka, ga shi wata mai zuwa za ta ajiye aiki saboda idonta ya yi rauni. Ni hedimasta ne, kuma in faɗi gaskiya, na daɗe ina jin kishinta.

A 1976, da gwamnati ta ce kowane ɗan shekara shida ya shiga makaranta kyauta, babu mai takardar haihuwa. Dabararmu ita ce yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunnensa. Wata ƙanƙanuwar yarinya, Emilia, hannunta ya kasa kaiwa, na ce sai baɗi.

Ubanta, Luke, ya ce, "Malam, babu baɗi. In ba ka ɗauka ba, yarinyan nan Kaduna zai tafi reno wurin gwaggonsa."

Ban saurare shi ba. Sai ga Mama ta tsallako hanya da cokalinta, ta ce wa yarinyar ta buɗe baki.

"Hedimasta, leƙa nan. Turamen baya sun fito, ta yi famfara, sababbin haƙoran gaba har sun leƙo. Shekararta bakwai. Yunwar bara ce ta hana ta tsawo."

A gaban iyaye fa ta faɗi haka, ni da satifiket ɗina, ita da ko aji huɗu ba ta gama ba. Na rubuta sunan ina cizon leɓe. Daga ranar iyaye suka riƙa bi ta wurinta kafin su zo wurina, har daga Kachia. Ni ke da rajista, ita ke da godiya da ƙwaryar gyaɗa. Abin ya ci mini rai, har yau bai gama sakina ba.

Amma Mama, ke ce mai duba bakin da babu wanda ya damu da shi. Yara arba'in da ɗaya da na kora kika mayar mini, na ƙirga, don mai kishi ba ya ɓatan lissafi. Na gode. Malamai 'yan'uwana, ku je ku koya wurinta tun tana nan. Ni ma na je, ta ƙofar baya.

Na san idonki ba zai iya karanta wannan ba. Emilia za ta karanta miki, ita ce ta ɗaya a aji uku.