Ƙwai a Kan Kindirmo

Ina da ciki wata biyar lokacin da nake aikin shara a wani masaukin alhazai a unguwar Misfala, can ƙasa mai tsarki. Ba ni da igama, wato takardar izinin zama, mijina ma haka. Asibiti a wurinmu ƙofar kamu ce, ka shiga da ƙafarka a fito da kai zuwa jirgin gida. Ga shi abinci ba ya zama mini. A kan shayi da busasshen burodi nake wuni.

Wata safiya ina goge ɗakin wata tsohuwa 'yar Turkiyya, sai na ga duhu. Da na farfaɗo, ina kwance a ƙasa, tana tsaye a kaina da waya a hannu. Na cafke gefen rigarta.

"Hajiya, don Allah kar ki kira kowa. Ma fi igama, ba ni da takarda!"

Ta kalle ni, ta ajiye wayar. Ta durƙusa, ta ja fatar idona ƙasa, ta girgiza kai.

"Ma fi dam, binti," in ji ta. Wato babu jini, 'yata.

Da hannu da guntun Larabci ta fahimtar da ni ungozoma ce a garinsu, kuma in na ci gaba a haka, abin da ke cikina ba zai kai ba. Wannan ya fi 'yan kamu razana ni.

Ta kunna ɗan rishon lantarki, ta fasa ƙwai biyu cikin tafasasshen ruwa, ta tsamo su ta ɗora kan kindirmo mai tafarnuwa, ta kwarara man shanu da jan barkono. Karin kumallon garinsu ke nan. Ta nuna ƙwan ta dafa damtsena, ta nuna kindirmon ta shafa cikina, wai shi ke gina ƙashin jariri.

Ni kuwa a gida kakata ta sha faɗa mana mai ciki ba ta cin ƙwai, sai ɗan ya tashi ɓarawo. Duk da haka na kai loma. Na jira amai, bai zo ba.

Kullum safe sai ta tsare ni na cinye, har ayarinsu ya tashi. Na ci gaba da yi da kaina, jiri ya ragu, amma duk ranar da cikin bai motsa ba, sai in wuni ina dafa shi.

A ɗakinmu na haihu, maƙwabciyata Basakkwaciya ce ta karɓa. Yarinyar ta faɗo shiru. Matar ta juya ta, tana murza bayanta tana salati. Can sai ta tsala kuka.