Kazar da ke ƙarƙashin gadon Auta

Auta muke ce mata tun tana goye, har ta yi furfura sunan bai sake ta ba. Mu shida mahaifiyarmu ta haifa, ni ce babba, ita ce ta ƙarshe, yanzu mu biyu muka rage. Ni Allah ya ba ni baki, ita ya ba ta hannu. Shekara ashirin da uku ta yi tana goge daɓen asibiti, tana kwashe bokitin auduga mai jini, kuma a tsaye da tsintsiya a hannu ta koyi wanke rauni, don ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata. Mijinta direban tanka ne. Ya rasu ya bar ta da ɗiya guda, wadda ke aure a ɗaki ɗaya da 'ya'ya huɗu. Da gwiwa ta hana Auta aiki, na ce ta kwaso kayanta ta dawo gidana, na ba ta ɗakin da ke kusa da akurki. Duk wanda ya shigo sai na faɗa masa ni na ɗauko ta, galibi a gabanta.

Kajina takwas ne a lokacin, cikin akurkin katako da raga da ɗana ya haɗa mini. Da na ga ƙwai na samuwa, sai na ƙaro goma sha biyar na cusa a ciki. Auta ta ce wurin ya yi musu kaɗan, kuma dusa kaɗai ba ta isa, a riƙa rataya musu ganye su samu abin yi. Na ce ashe mai goge daɓe ta zama likitan kaji, ina taya ta murna.

Ba a yi wata ba ƙwai ya ragu, gashin bayan wasu kajin ya zube kamar an zuba musu ruwan zafi. Ni ba mai zama bakin akurki ba ce, in na zuba dusa na juya shi ke nan. Wata safiya na ƙirga, babu jar kazata mai yawan ƙwai. Auta ta fita karɓo maganin gwiwa. Na shiga ɗakinta wai neman almakashi, sai ga gashin kaza a bayan ƙofa da tsumma mai jini a kwano. Durƙusawa ɗaya zan yi in leƙa ƙarƙashin gado, ban yi ba.

Ta dawo ta same ni a tsakar gida tare da matar ɗana da maƙwabciyarmu mai ɗinki, wadda ta kawo mini riga. A gabansu na tare ta.

"In nama kike sha'awa, Auta, ki buɗe baki ki roƙa. Na ba ki ɗaki, na ba ki abinci, sai kin haɗa da sata?"

Ban tsaya nan ba. Na ce yanzu na gane abin da ya sa dangin mijinta ba su riƙe ta ba. Mai ɗinki ta duƙar da kai tana ta ninke rigar da ta riga ta ninke.

Auta ta shiga ɗaki ta jawo kwali daga ƙarƙashin gado. Ga kazata da ranta, da gwangwanin ruwa a gefe, gindinta a shafe da shuɗin maganin nan na gyambo.

"Ga kazarki, Yaya. 'Yan'uwanta ne suka fara cin ta da rai. In sun ga jini ba sa bari."

Na tambaye ta me ya hana ta faɗa. Ta ce ta faɗa sau ɗaya.

Nan ya kamata in yi shiru. Amma mutane na kallo, ni kuwa ban saba a ga bayana ba. Na ce na kai shekara saba'in ban taɓa jin kaza ta ci kaza ba, wannan labari ne na wanda aka kama. Da hannuna na ɗauki kazar na mayar da ita akurki. Auta ta dube ni, ta shiga ta ɗaure kayanta a zane biyu. Matar ɗana ta raka ta bakin titi tana ba ta haƙuri.

Kafin rana ta yi sanyi na ji hayaniya. Na je akurki na tarar kajin sun rufe jar kazar a lungu, suna caccaka. Wata fara ta fito da gudu da hanji a baki, sauran na bin ta. Na buga raga, na yi ihu, ko kallona ba su yi ba. Ni na binne abin da ya rage, don na ji nauyin kiran kowa.

Kwana tara na yi kafin ƙafata ta kai ni gidan ɗiyarta. Na tarar tabarmar Auta a naɗe tsakanin gado da buhun gawayi, nan take kwana. Na yi zancen gwiwa, na yi zancen zafi, na yaba girman yara. Da ƙyar na ce na ga abin da ta faɗa da idona, kuma ɗakinta na nan a share. Ta tambaye ni kaji nawa suka rage, ta ce in raba su biyu, in ware duk mai rauni. Sannan ta ce, "Na yafe miki tun ranar, Yaya. Amma nan ma ina samun barci."

Ba ta dawo ba. Takan zo jefi-jefi, ta zauna a tsakar gida, ta duba kajin, mu yi hira kamar da. In za ta tafi sai ta buɗe jakarta a gabana, ta wage bakin sosai kamar tana neman hankici, ta ɗan jira, sannan ta rufe.