Muryar Ila

A da ni mai cajin waya ne a kasuwar Korgom, ba a san ni da komai ba sai fara'a. Makiyaya da tsofaffi ni suke miƙa wa talho in saka musu manhajar saƙo, wadda ake cewa ko kamfaninta ba ya jin abin da aka faɗa. Idan ta nemi a sa lambar sirri, sai su ce, "Kai, za mu manta. Tsallake ta." Ni kuwa in tsallake, in haɗa layinsu da wayata. Da fari leƙe kawai nake yi.

Ila, wani saurayi Bafillace, na gyara wa waya zai tafi Arewa haƙar zinari. Bayan ya tafi sai ya yi shiru. Tsofaffin muryoyinsa suna wurina. Na zaɓi wadda yake cewa, "Inna, ina lafiya, amma ina cikin matsi," na tura wa uwarsa ta layinsa, na bi ta da rubutun neman kuɗi da ƙanensa zai karanta mata. Ta sayar da akuya ta aiko. Na sake, ta sake.

Wata ranar kasuwa da azahar muryarta ta shigo. Babu kuka a ciki. Ta ce, "An kawo mini rigar Ila. Rami ya rufta da shi tun kafin damina. Ko kai mutum ne ko aljani, kada ka daina. Ƙara turo mini shi."

Na ajiye wayar. Ashe duk watannin nan gawa nake sa wa magana. Ƙanen ne ya kai ƙara, jandarmomi suka ɗauke ni, aka kai ni kaso a Tasawa.

Da aka sake ni na tafi rugarsu, na durƙusa. Ta ce ta yafe. Sannan ta tambaya, "Ɗana, muryar tana nan?" Na ce an goge komai. Ta ce, "To, yau ya mutu."

Na tuba ga Allah, yanzu noma nake. Samari, ku sa lambar sirrin nan ko tana da wahala, ku sa wa iyayenku da hannunku. Kuma kada ku fara leƙen abin da ba naku ba. Ni har yau idan waya ta yi ƙara kusa da ni, sai na tashi daga wurin.