Kwaɗon Da Ya Kusa Raba Ni Da Mijina

Shekarun baya, lokacin mahaifina yana aiki a ofishin jakadanci muna zaune a unguwar Mohandessin, kusa da kogin Nilu, ba ni da aiki sai karatun littattafan soyayya da ake aiko min daga Kano. Sai wata ƙawata ta dawo daga Turai da labari: wai masoya na rubuta sunayensu a jikin kwaɗo, su maƙala a gada, su jefa makullin a ruwa. Na ce ai ni aka ƙirƙiro wa wannan.

Saurayina Bahaushen Sudan ne, yana sayar da takalma a kasuwar Ataba, har magabata sun fara maganar aurenmu. Na matsa masa sai da ya sayo kwaɗo ya sa aka zana sunayenmu. Na ɓoye a jaka, muna jiran Juma'a mu je gadar Nilu.

Mahaifiyata ta buɗe jakar tana neman turare.

"Innalillahi! Kwaɗo a kulle, da sunanki a jiki? Yaron nan ya kulle min 'ya!"

Na manta cewa a gida boka ne ke irin wannan aikin, a jefa makulli a rijiya.

"Umma, wallahi ni na sa shi."

"Ai dama haka za ki ce. Asirin ya ci."

Ta rantse auren nan an fasa. Na yi kuka irin na taurarin littattafaina, ko a jikinta.

Da saurayin nawa ya ji, ya zo ya durƙusa a falo, ya miƙa mata makullin.

"Ma'alish, ki yi haƙuri, Hajiya. Ki buɗe da hannunki. In ta daina sona, na haƙura."

Ta yi bisimilla ta buɗe, ta wanke kwaɗon da ruwan gishiri, ta zuba min ido. Kwanaki suka wuce ina nan ina ƙona miya saboda tunaninsa.

"Khalas, shi ke nan," in ji ta. "Wannan ba asiri ba ne, littattafan nan ne suka lalata ki."

Bayan ɗaurin aure da ita muka je gadar. Muka maƙala kwaɗon, na ɗaga hannu zan jefa makullin, ta cafke.

"Ina raye ba zai shiga ruwa ba. Ranar da ya ɓata miki, ni zan zo in buɗe."

A lokacin na ji haushi, ta ɓata min ƙarshen labari. Yanzu kuwa nakan ga soyayyarta ta fi tawa hankali. Makullin yana nan a ƙasan akwatinta, ya yi tsatsa, bai taɓa fitowa ba.