Hannuna Ya Ce 'Yata Ba Ta Da Zazzaɓi

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Ni ba mai yawan magana ba ne, kuma ban yi boko ba. Abin da ya same ni zan faɗa, yadda ya same ni.

Ina saurayi na shigo Riyad, da ƙarfina da taurin kaina. Gyaran firji na koya a gida, a bakin titi. Da na zo nan kafilina, ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, ya sa ni a gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da manyan ɗakunan sanyi na masu nama da kifi. A garin nan mai wannan sana'a ba ya zama. Idan bazara ta kama, wayarka ba ta yin shiru. Na sha goya mukayyif a baya na hau bene a tsofaffin gidajen unguwar Dira. Na sha durƙusawa a rufin gini da tsakar rana, siminti yana ƙona mini gwiwa ta cikin wando, in sauko jiƙe da gumi in faɗa ɗakin da ruwa yake daskarewa. Na fi shekara ashirin a haka. Ina son aikin, ba zan ɓoye ba. Ka shiga gida ka tarar da tsoho da yara suna fifita, ka fita ka bar su suna sa maka albarka, akwai daɗi.

Mu masu wannan aiki da hannu muke awo. Ka kama babban bututu, idan ya yi sanyi yana naso, gas ya isa. Ka kama ƙarami, idan ya yi zafi da yawa, akwai matsala. Ma'auni yana cikin jaka, amma wanda ya daɗe a sana'a kunya yake ji a gan shi yana ciro shi kowane lokaci. Safar hannu kuwa ta sababbin zuwa ce, dariya muke yi musu. Idan kana cire tiyo gas ya fesa maka a yatsu, fatar ta yi fari ta ƙandare, sai ka yarfa hannu ka ci gaba. Ruwan wankin inji mai cin fata da hannu tsirara nake zuba shi. Wutar walda ma ta lashe ni ba adadi.

Jiki ya fara magana tun da daɗewa, ni ne ban saurara ba. Gwiwa tana ƙara idan zan tashi daga sujada. Bayana ya riƙe. Kunnen hagu yana kuwwa kamar injin da ba a kashe ba. Tari kuma ba ya barina duk shekara. Na ce girma ne. Hannun kuwa har alfahari nake yi da shi. A wurin mai shayinmu na unguwar Batha, inda 'yan Kano da 'yan Maraɗi da 'yan Damagaram suke haɗuwa ranar Juma'a, nakan ɗauki kofin gilas da aka zuba yanzu in riƙe ba tare da na sauya hannu ba. Wani aminina ɗan Maraɗi, direba, yakan ce a zo a ga hannun da aka ƙera a maƙera, wai ko garwashi aka ba ni zan sa a aljihu. A yi ta dariya. Ƙananan kusoshi suna zame mini, maɓallin riga yana ba ni wuya, amma ban taɓa haɗa wannan da wancan ba.

Daga baya Allah Ya yi mini buɗi. Kafilina ya gyara mini iƙama, wato takardar izinin zama, na kawo matata daga gida, muka kama ɗaki biyu a unguwar Jaradiya. Mun daɗe ba haihuwa, har mun daina zancen. Sai ga ciki, ni da furfura a gemu. Ranar da aka miƙo mini 'yar nan tsayuwa kawai na yi kamar an dasa ni. Suna kuwa an yi shi. Maƙwabciyarmu 'yar Damagaram, matar aminin nan nawa, ta tuƙa tuwo, aka dafa shinkafa da rago irin ta mutanen nan, aka shimfiɗa a rufin gida. Abokan aiki sun zo har da waɗanda ba sa jin Hausa. Aka yi ta zolayata wai angon ƙarni ya zo a makare, da 'yar da jika duk ita ce. Na bar su. A rayuwata ban taɓa jin daɗi irin na watannin nan ba. In dawo a gajiye, in tarar da ita tana wutsil-wutsil a kan katifa, gajiyar ta tafi.

Wata Juma'a ta bazara, bayan na dawo daga masallaci, matata ta tare ni da yarinyar a kafaɗa. Ta ce Malam, taɓa ka ji, jikin 'yar nan ya yi zafi, kuma tun safe ba ta kama nono sosai ba. Na ɗora hannu a goshinta, na ɗora a cikinta. Ban ji komai ba. Na ce lafiyarta lau, zafin gari ne. Ta ce a'a, ita fa ta ji, gara mu je asibiti. Na ce mata tun ba ta san Riyad ba nake auna zafi da hannun nan, ba yau zai yi mini ƙarya ba. Ta ƙyale ni, don ta san halina. Ana cikin haka wani mai nama a Batha ya kira, ɗakin sanyinsa ya tsaya, kaya za su lalace. Na ƙara musu sanyin mukayyif, na ɗauki jakata na fita.

Ina can saman rufi a tsakiyar injina. Ga ƙararsu, ga kunne ɗaya da ba ya aiki. Wayar ta yi ta kuka a aljihu ban ji ba. Sai da na sauko yin la'asar na duba, na ga kiran matata da na aminina a jere. Na kira shi. Bai yi mini wasa ba ranar. Ya ce in bar duk abin da nake yi in same su a asibiti, zazzaɓi ya hau kan yarinyar har ta yi jijjiga, idanunta sun juye, shi da matarsa suka ɗauko su a motarsa. Na bar kayan aikina a wurin. Ban san yadda na isa ba.

Na tarar an sa wa yarinyar ruwa a ɗan hannunta, an cire mata riga, tana barci. Likitar, wata dattijuwa, ta ce ciwon kunne ne ya kawo zazzaɓin, Allah Ya sa an kawo ta kafin abin ya yi muni, za ta warke. Na zauna a ƙasa kusa da gadon. Sai likitar ta tambaya me ya sa aka jinkirta. Matata ta so rufa mini asiri, ni na ce ni ne, na taɓa ta ban ji zafi ba. Likitar ta dube ni, ta ce in ba ta hannuna. Ta juya shi ta ga tabbai, ta tambayi sana'ata. Ta sa aka kawo kwalba biyu, ɗaya da ruwan ɗumi ɗaya da na sanyi, ta ce in rufe ido in taɓa su da hannu in faɗi wace ce wace. Ni da na ci abinci da wannan aikin duk rayuwata, na kasa. Da ta ɗora mini su a kunci, nan take na bambance. Aka yi mini gwaje-gwaje, aka ce jijiyoyin yatsuna sun lalace a hankali, kaɗan zai dawo idan na kiyaye, mafi yawa ya tafi.

Wannan bai dame ni ba a lokacin. Ido na zuba wa gadon. Can yarinyar ta motsa, ta buɗe ido, ta nemi nono, ta kama da ƙarfi. Matata ta fashe da kuka haɗe da dariya. Da yarinyar ta ƙoshi na sunkuya a kanta, ta damƙi gemuna ta ja. Wannan kam na ji shi har cikin kaina. Na ce ta ja da kyau, na cancanta. Matata ta ce ta gode wa Allah da ba ta taɓa barina na haɗa ruwan wankan jariri ba, da na dafa mata 'ya. Aminina ya ce daga yau an sauke ni daga sarautar shayi, ashe ba jarumta ba ce, mataccen hannu ne. A nan na ba matata haƙuri a gabansu. Ta ce ya wuce, amma nan gaba idan ta ce zafi, zafi ne. Ranar da aka sallame mu na sayi ma'aunin zafi na yara, na yi sadaka, aka sake tuƙa tuwo a rufin gida.

Yanzu ba na hawa rufi sai dole. Kafilina ya mayar da ni shago, ina karɓar aiki ina rarraba wa ma'aikata. Ina shan magani, ina zuwa gashin ƙashi saboda gwiwa da baya, wani lokaci a kujera nake salla. Yarinyar ta shiga makaranta, Larabcinta ya fi Hausarta, tana gyara mini magana. Ta kuma gano lagona. Duk safiyar da ba ta son zuwa makaranta, ba ta zuwa wurin uwarta. Ni take samu, ta langaɓe kai ta ce Baba jikina da zafi. Ta san bakina ba zai sake cewa babu ba. Sai uwar ta zo da ma'auni ta kama mu duka biyu.

'Yan'uwana masu wannan sana'a, a nan da gida, ku ji daga wanda ya gani. Ku sa safar hannu ko za a yi muku dariya. Ku toshe kunne a kusa da inji. Ku ɗora gwiwa a kan wani abu, ku nemi na biyu kafin ku ɗaga kaya. Idan kun ga kuna riƙe abin da wasu suke saki saboda zafi, ku je a duba ku. Ciwon da yake sa mutum ihu yana kai shi asibiti da wuri. Nawa shiru ya yi, na ɗauka ƙarfi ne, kuma ba ni ya fara kayarwa ba, jaririya ce da ba ta iya magana. Allah Ya bar mini ita, ba don wayona ba. Idan uwar ɗa ta ce muku jikinsa da zafi, ku ajiye jakar aiki ku ɗauki ɗan.