Guraben da Nadine Ta Bari

Orville Tackett bai harbi ko kurege ba tun da ya dawo daga yaƙin Vietnam. Amma duk Asabar ɗin farkon wata za ka same shi a tsohon ramin kwal da ke bayan gari, nan cikin duwatsun Kentucky, tare da tsofaffin da suka mai da ɓarin harsashi abin nishaɗi. Kowa da mashingarsa, bindiga mai sarrafa kanta da ke zuƙar harsashi daga ɗamara, suna ta rugugi a kan matattun firji da gangunan mai. Ta Orville ce abar dariya a cikinsu, don harsashin fistol take ci. Ƙaramin harsashi, ƙaramar murya, tak-tak-tak.

"Kai Tackett, yau ma da keken ɗinkin matarka ka zo?" in ji Harlan Combs, mai kula da filin, wanda usur ba ya barin wuyansa.

"Shi ne. Kawo wandonka in yi maka faci, na ga tumbin nan ya fara yaga shi."

Tsokanar ba ta rasa gaskiya ba. Matarsa Nadine ce ke ɗinka masa ɗamarun da tamfol. Ta zauna a teburin kicin tana jin wa'azi a rediyo, tana tura harsasai cikin aljihunan da babban yatsa, ta naɗe ɗamarar ta sa a gwangwani. Aikinta tsaf, sai aibi guda: babu ɗamarar da ba ta tsallake aljihu a cikinta ba. Ana tsakar harbi bindiga za ta iso gurbin da babu komai, ta yi tsit. Dole ya saki kunama ya sake ɗanawa.

"Nadine! Kin kuma ko?"

Tana bayansa a kan kujerarta ta naɗewa, kunnuwa a toshe. "Ido ne ya tsufa, maigida. In ba ka so, ɗura da kanka. Zo ka sha kofi."

Shekara da shekaru yana wannan mita. Ya saya mata tabarau, ya ƙara mata fitila a kicin, duk a banza. Mutum ne mai kirki, amma in ya kama ƙorafi ba ya saki.

Da ciwon zuciya ya ɗauke Nadine, gidan ya yi masa faɗi. Ba su haihu ba. Mutanen filin nan su kaɗai suka rage masu kiran sunansa. Ya zauna a kujerarta ya ɗura ɗamara da kansa, dam, babu gurbi ko ɗaya.

Ran Asabar ya danna kunama, bindiga ta kama magana ba ta tsaya ba. Can a tsakiyar ƙarar sai ramin kwal ya ɓace masa. Ga gonar shinkafa ta Vietnam, ga doguwar ciyawa, ga warin laka, ga kuma wani yana gudu a cikin ciyawar, wanda bai taɓa ba kowa labarinsa ba. A daidai lokacin karen wani ya tsinke ya shiga fili, mai shi ya tsallake igiya ya bi shi. Harlan ya busa usur, kowa ya ɗauke hannu. Orville bai ji ba. Sai da ɗamarar ta ƙare ya ga mutumin kwance rub da ciki, ƙura na tashi kusa da ƙafarsa. Allah ya tsare, ko ƙwarzane babu.

Harlan ya ja shi gefe. "Orville, tare muka girma. Amma na rantse, ka sake ƙin jin usur ɗina, kai da filin nan har abada."

Tsoro ya kama shi sosai. In aka kore shi daga nan, sai shi da bangon gida. Da wata ya zagayo, tsoro ya hana shi sake ɗura ɗamara da kansa. Sai ya sauko da gwangwanin da yake ta kauce wa kallo a kan kanta, na ƙarshe da Nadine ta cika.

Ya danna kunama, Harlan na tsaye a bayansa. Tak-tak-tak. Ciyawar ta fara tsirowa a gefen idonsa, warin lakar ya taso, ya ji kansa yana zamewa. Sai tsit.

Ya waiwaya, baki buɗe. "Nadi..."

Babu kujera. Yana tsaye a nan abin ya faɗo masa. A duk shekarun nan bai taɓa isa gonar shinkafar ba, domin kullum bindigar na tsayawa kafin ya kai, kullum kuma akwai mai kiransa ya sha kofi. Matar da ta ɗinka rigunan amare na rabin garin ba tare da zare ya kauce ba, ita ce wai ta kasa ganin aljihu. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka, tsofaffin suka juya baya suna duba tayoyin motocinsu.

Ya gwada barin gurbi da kansa, bai yi ba. Ya san inda gurbin yake, hannunsa kan sake ɗanawa tun hankalinsa bai dawo ba.

Har yau yana zuwa duk wata. Ya kan zauna ya ci wake da burodin masara tare da su, bindiga a mota, gwangwanin da ragowar ɗamarar Nadine a ciki a kan cinyarsa. Wata rana Harlan ya miƙa hannu. "Kawo mu warware ta mana, mu ga yadda take jera guraben, sai in riƙa ɗura maka."

Orville ya danne murfin da tafinsa. "Bar ta, mutumina. Ita kaɗai ta san inda ta bar su. Ranar da abin ya taso mini da gaske, ina so a ce da sauran wurin da za ta tsayar da ni."